An Ɗauke Tsanin Soro

Zuwa ga Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiyar karatu? Yaya Zariya, yaya ƙafar nan taka? Mu nan Gwammaja lafiya lau, Inna ma ta sami sauƙi.

Yaya, madubin hangen nesan da ka bar mini ya nuna mini wani abu. Bayan isha'i na hau kan soro, na duba gefen taurarin da ka ce sun yi kama da tsuntsu, sai ga tauraro a inda na san babu komai. Ba shi da wutsiya, kuma bai gusa ba balle in ce irin su Zara matar wata ne. Ya yi kwanaki yana haske, sannan ya fara dushewa.

Ban ga ƙarshensa ba. Maƙwabcinmu Malam Habu ya faɗa wa Baba wai ina leƙa musu gida. Baba ya ce, "Kin girma, Binta, budurwa ba ta hawa soro." Kunya ta hana ni bayani. Washegari aka ɗauke tsanin. Yanzu daga ɗaki sai tsakar gida, inda saman da nake gani bai fi faifai ba.

Don Allah ka tambayi malaminku, wane irin tauraro ne ke kunnuwa ya mutu? Yana dawowa kuwa? In yana dawowa ka duba mini shi, tunda kai ba a hana ka ɗaga kai ba.

Ka sa ni a addu'a. A gai da Gwaggo da yara.

Ƙanwarka,
Binta