Minti Biyun da Nake Riƙe Miki Jirgi

Ya sanyin idona, ruwan randata a tsakar rana!

Kin tuna safiyar da kika sauko matakalar tasha da gudu, takalmi ɗaya a hannu, littattafan ɗalibanki a ƙirji? Ni ne mai sallamar jirgin bakwai da kwata. Koriyar tuta na hannuna, usur na bakina, na ƙi busawa sai da kika shiga tarago. Daga ranar, shekara guda cur, jirgin gwamnati da mutum ɗari takwas a cikinsa yana jiranki minti biyu. Direba ya zage ni, fasinjoji suka yi ta tsaki, ni ko a jikina.

To, wa ya sha wuya? Takardar gargaɗi uku Sufeto ya rubuta mini, ƙarin girmana ya bi ruwa. Da ya gaji, ya zo da kansa ya tsaya a bayana don ya ga abin da ke makarar da jirgi. Ya kuwa gani! Jiya abokin aikina ya miƙo mini katin ɗaurin aurenki da Sufeto, yana ta sunkuyar da kai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Haba masoyiya, duk mazan duniya ki rasa wanda za ki zaɓa sai shi?

Wallahi na ji zafi, kuma ban yafe ba. Ba zan zage ki ba, bakina bai iya ba. Aikina kawai zan yi. Daga Litinin, bakwai da kwata na cika zan busa, ko kina matakalar ƙarshe, ko mayafinki na taɓa ƙofa. Na gaba sai takwas saura biyar, kin kuma san shugabar makarantarku da rufe ƙofa. Ki kai ƙarata wurin angonki. Me zai rubuta? Cewa jirgi ya tashi a kan lokaci?

Amma kada ki ce na daina sonki, hasken raina. Ba zan nemi canjin tasha ba, ba zan kalli wata ba. Kullum idona na kan matakalar nan, sai na hango ki, na tabbatar kin gan ni, sannan in ɗaga tuta.

Naki har ranar da numfashin busa usur zai ƙare,
Mai tutar dandamali na biyu