Baƙin Ƙurji a Hannun Maigidana

Zuwa ga Shugabar Makarantar Koyon Aikin Jinya,

Assalamu alaikum, Hajiya. Ina gaishe ku da aiki, ku da ɗalibanku. Ni mazauniyar Challawa ce, karatuna bai wuce firamare ba. Makon jiya na fita takaba.

Maigidana ma'aikaci ne a wani kamfanin jima, shi ke jiƙa ɗanyun fatu. Bayan Babbar Sallah, lokacin da fatu suka yi yawa, wani ƙurji ya fito masa a hannu, tsakiyarsa baƙi, ba ya zafi. 'Yar maƙwabtanmu ɗalibarku ce. Ta duba, ta hau acaɓa har shagon intanet a Na'ibawa, ta dawo da bugaggiyar takarda mai hoton Bature cikin farar riga. Ta ce maruru ne, a gasa da ruwan ɗumi, a shafa mai. Kwana shida ina gasa masa. Sai da hannun ya kumbura, kumburin ya kai wuya, zazzaɓi ya kayar da shi, muka tafi asibiti.

Tambayar likita ta farko ita ce aikin da yake yi. Da na faɗa, ya ce cuta ce da ake ɗauka daga fatar dabba mai ciwo, kuma tana jin magani in an zo da wuri. Takardar kuma, ya ce ta masu tallan man shafawa ce. Kwana biyu Malam ya yi a gadon asibitin, Allah Ya yi masa rasuwa.

Na yarda da ƙaddara, amma ga abin da na tabbata.

Na ɗaya, yarinyar ba ta da mugunta. Ba zan faɗi sunanta ba, kada ku neme ta. A kan maruru ta tambayi kwamfuta, amsar maruru aka ba ta.

Na biyu, ku koya wa ɗalibanku gane wanda ya rubuta takarda: likita ne ko ɗan kasuwa.

Na uku, majinyatanku 'yan Challawa, Sharaɗa da Bompai ne, inda kamfanonin jima suke. Kafin ɗaliba ta taɓa kwamfuta, ta tambayi sana'ar mutum. In ba ta sani ba, ta ce a tafi asibiti yau.

Ina roƙon ku ba ni rabin awa a gaban ajinsu. Ba na jin Turanci, amma na san kamannin ƙurjin nan, kuma abokan aikin Malam suna nan suna jiƙa fata.

Allah Ya taya ku riƙo, Ya sa albarka a hannuwan yaranku.

Wassalam.
Matar marigayi, Challawa.