Inna Ta Shiga Sulhun Ƙwayoyinka

Ƙanena Issufu,

Gaisuwa mai yawa daga Tsarnawa. Ina gajiya, ya sanyin can? Ya Rabi da jinjiri? Mu nan lafiya lau, an gama yankan hatsi.

Tun da ka ce mini aikinka ya cije, muryarka take damuna. Inna ta matsa sai na yi mata bayani. Na ce wasu ƙananan ƙwayoyi ne masu wuyar samu, kuna harba su cikin tulun iska don su rage gudu a kama su. In suka cunkushe sai su yi ta ture juna, kai kuma lissafinka na kwamfuta ya ƙi nuna inda za su bi.

Ta ce, "Ashe rashin jituwa ne." Ran Juma'a ta dama fura ta yi sadaka, ta aika wa liman ya roƙi Allah ya daidaita tsakaninsu. Na so in yi dariya, sai na ga idonta ya kawo ruwa.

Kada ka karaya. Ka sa mu a addu'a, ka gaida Rabi. Inna ta ce in sun shirya, ka zo gida.

Yayarka,
Hadiza