Tankin Ruwan Sonapur

Talata, 17 ga Yuli, 2018

Leɓena ya kumbura, shayi ma ya gagare ni sha.

Idrisu, direban nan ɗan Kumasi da muke haɗuwa a masallaci, ya roƙe ni in duba tankin ruwan masaukinsu a Sonapur, unguwar leburori 'yan ci-rani, don 'yan ɗakinsu duk gudawa suke yi. Da na tashi daga aji na je. Ina ɗaga murfin, wari ya buge ni. Na cika kwalabe uku don gwaji.

Ina saukowa, mai kula da masaukin ya tare ni. "Wa ya ba ka izini? Yalla, maza kawo kwalaben!" Na ƙi. Ya fizge jakata ya farfasa kwalaben, ya naushe ni a baki. Ban san lokacin da na shaƙe shi ba. Sau biyu na gwara kansa da bango, jini na bin wuyansa. Idrisu ya ɓanɓare ni yana cewa, "Dokta, khalas, ya isa haka, korar ka za su yi daga ƙasar nan!"

Shekarun da na yi ina koyar da tace ruwa don a rayu, yau na kusa kashe mutum. Wataƙila gobe jami'a ta sallame ni.

A mota Idrisu ya miƙo mini gorarsa. "Da safe na ɗiba a tankin."

Tana cikin firij. Gobe ƙarfe bakwai na safe ina ɗakin gwaji da ita, kafin kowa ya neme ni.