Kwalbar kwallin da Inna ta aiko

Filinge, watan Safar, 1956

Zuwa ga Yaya Habsa a Zangon Kumasi,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigida Ɗangoma da jaririya Hauwa, takwarar Inna. Allah ya raya ta, ya sa ta tashi a gaban iyayenta. Mu nan lafiya lau. Hatsi ya shiga rumbu, kuma ƙafar Baba ta yi sauƙi har yana zuwa masallaci da kansa.

Yaya, zan fara da abin da ya fi gaggawa. Musa mai fataucin raguna yana kan hanya da saƙon Inna. A cikin ƙunshin akwai wata ƙaramar kwalba ja mai murfin gilashi, cike da kwalli. Kada ki sa wa yarinya shi, kada ke ma ki sa. Na buga wayar tangaraho ga Ɗangoma da wannan magana, amma waya ba ta ɗaukar bayani, kuma na san ba za ki yar da kyautar Inna ba sai kin ji dalili.

Da aka rufe ɗakin awon jinin dabbobi na bayan gari, aka yi gwanjon kayansa, ƙanenmu Albarka ya saye akwatunan gilashi: kwalabe, mazurari, da waɗansu siraran bututu masu kama da sillen kara. Ya shimfiɗa su a kasuwar Lahadi, mata suka yi masa caa. Wasu don turare, wasu don man shanu, 'yan bori ma suka ɗebi masu kyau don turaren iskokinsu. Ba wanda zai ce Albarka ya yi ƙazanta. Ya jiƙa su, ya kankare takardun da ke manne a jiki domin ya ce suna rage musu kyau, ya wanke su da toka kamar yadda ake wanke ƙorai, duka a ruwa ɗaya cikin babbar tasa. A nan ɓarnar take. Wasu daga ciki sun taɓa riƙe magani mai cin nama, wanda ba shi da launi ko wari, yana maƙale a wuyan kwalba da jikin murfi. Wankin ya raba shi ga sauran, takardun da za su faɗi wacce ce wacce kuma sun tafi.

Muna, matar Ango mahauci, ita ta fara zuba kwalli a nata bututun. Kafin azahar idanunta sun kumbura sun rufe. Malamin asibiti ya yi ta zuba mata ruwa, ya ce na dama zai warke, na hagu kuwa sai abin da Allah ya yi. Da muka je duba ta, ita ce ma take ba mu dariya, wai ta so ido irin na matan Yamai, ga shi ta samu irin na kwaɗo. Ango bai kai ƙara wurin kumandan, Baturen mulki, ba. Ya dai ce shi da Baba sun sha nonon unguwa ɗaya, a tattaro sauran kwalaben kafin wata ta shiga idon wani. Wallahi Yaya, da ya zage mu da ya fi mini sauƙi.

Haka muka ɗauki mai shela. Na bi shi rumfa rumfa yana kiran sunan gidanmu, yana cewa duk wanda ya sayi gilashin Albarka ɗan Tambara ya maido. Kin san kasuwar Filinge ba ta raga wa kowa. Masu tuyar ƙosai suka raɗa wa Albarka suna likitan makafi. Wata tsohuwa Bazabarma ta tambaye ni, a gaban jama'a, ko karatun da na yi a gidan ɗab'i na Yamai bai kai ga kwalba ba. Ni kuwa na ga kayan a tabarmarsa tun ranar farko, na ɗaga ɗaya a rana na yaba kyanta. Daga nan muka tafi Bonkuku ranar kasuwarsu, domin wasu masu sayen daga can suke, aka sake kiran sunan Baba a garin da bai taɓa jin sa ba sai da alheri. Wata 'yar bori ta ce ta riga ta ba iskokinta kwalbar, abin da aka ba su ba ya dawowa. Sai da magajiyarsu ta sa baki, aka musanya mata da wata sabuwa daga kanti.

Da muka dawo da kayan muka haƙa rami nesa da rijiya. Muna cikin haka Inna ta fito ta tsaya a kanmu, ta ce da sauran ɗaya. Ashe tun kafin Albarka ya kai su kasuwa ta zaɓi wadda ta fi kyau. Ta ce ba ta so jikarta ta farko da aka haifa a birni ta sami kwalli a tsohon tandun fata kamar ɗiyar ƙauye. Da hannunta ta niƙa shi, ta tankaɗe a ƙyalle, ta ba Musa ba wanda ya sani, don ta ba ki mamaki.

To ga abin da za ki yi. Musa yana tsayawa sayar da raguna a hanya, ina fatan takarda ta riga shi. In ya iso, kada ki buɗe murfin, ko don ki sansana. Kada ki ce za ki zubar da kwallin ki wanke kwalbar, wanki ba ya fid da shi. Kada ki jefa a juji, yara za su tsinta. Ki naɗe ta a tsumma, Ɗangoma ya fasa ta a cikin tsumman, ya binne da zurfi nesa da ruwan sha, ku wanke hannu da sabulu. In kuwa, Allah ya kiyaye, an riga an sa mata, ki wanke idon da ruwa mai tsabta da yawa, ki kai ta asibiti nan take, ki tafi da kwalbar likita ya gani. Kada ki jira ki ga ko zai yi ja.

Kada ki riƙe Albarka a zuciya. Ya bar fita sai da dalili, kullum kuma shi ke ɗebo wa gidan Ango ruwa, ko da yake sun ce ya bari. Ya ce in roƙar masa gafararki, shi bai iya haɗa kalmomin ba.

Baba yana gaishe ku, da Goggo Ladi, da Safi da 'ya'yanta. Ki gaishe mini da Ɗangoma da mutanen ƙasarmu Kurfai da ke nan Zango. Inna ta ciro tsohon tandun Kaka daga ƙarƙashin gado, ta shafe shi da mai, ta niƙa sabon kwalli, za a ba mai tafiya na gaba. Na tambaye ta me zan rubuta da sunanta, ta ce ba ta da bakin gaisuwa tukuna. Tun ran da ta tsaya a bakin ramin nan ba ta sa kwalli a idonta ba, ita da kika san ko zazzaɓi ba ya hana ta. Ta ce ba za ta sa ba sai an karanta mata cewa takwararta tana kallon ki da ido biyu. Don Allah ki ba da amsa ranar da wannan ta iso.

Ni ne ƙanenki,
Kailu Tambara