Tabaraun Mahaifinki

Zuwa ga 'yata Tahira,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Abdulkabir da yara. Allah Ya tsare ku a wannan gari mai nisa, Ya sa albarka a nemanku. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Gero ya shigo gida, an fara cirar gyaɗa, kuma kawunki Tasi'u ya ce dawa za ta yi kyau idan aka ƙara samun ruwa ko sau ɗaya ne. Maƙwabciyarmu Hure ta koma wurin ɗanta a Ungogo tun watan jiya, sun rufe gidan. Yanzu idan na idar da sallar la'asar babu mai leƙo ni ta katanga.

Kada ki yi mamakin ganin rubutun hannuna. Tun da aka cire mini yanar idon nan nake iya bin layi kamar da. Maganar kuma ba ta waya ba ce, don da na ji yara suna kiranki sai in ce miki komai lafiya, mu yi sallama. Zan ba direban da ke lodin wake daga Dawanau zuwa Fatakwal ya kawo miki.

Saƙonki ya iso, gilasai biyu cikin ɗan akwatinsu, ko ƙwarzane babu. Allah Ya yi miki albarka. Sai dai ba su zauna a baƙin tabaraun mahaifinki da gilashinsa na hagu ya fashe ba, kuma laifin nawa ne. Ranar da kika ce in karanto miki lambobin da ke cikin hannun tabaraun don ki yi odar daidai da shi, na ce miki biyar da uku. Ashe biyar da takwas ne, gumi ya cinye rabin takwas ɗin. Da na ɗora su sai suka zurare ta ɗaya gefen suka faɗo mini a cinya. Na kasa gaya miki. Baƙin tabaraun da aka ba ni a asibiti kuwa ya riga ya karye ta wajen hanci, ga likita ya ja mini kunne kada in shiga rana ido tsirara. Sati uku na yi a ɗaki, don ko tsakar gida na fito sai in ji hasken kamar allura. Kawunki ya ce in bari ya sayo mini na bakin titi a Makoɗa mu huta. Na ce masa to, amma a raina na san na mahaifinki nake so. Shekara nawa mahaifinki yana sa shi yana zaga ƙauyuka a kan babur wajen sayen gyaɗa, kuma tun da na fita takaba yake cikin kwallata.

Ranar Alhamis na ja mayafi har goshi na hau motar Kano ni kaɗai. Mai shagon farko da na shiga a kasuwa ya juya tabaraun ya yi dariya, ya ce tsohon yayi ne, kuma na maza, in jefar in zaɓi sabo. Na biyu ya ce zai liƙa mini naki da gam, na karɓe kayana. Wata mai sayar da zobo ce ta nuna mini wani lungu, ta ce in tambayi Malam Hadi.

Dattijo ne, shagonsa bai fi tsawon tabarma ba. Bai yi dariya ba. Ya auna da ɗan ma'auninsa, shi ne ma ya gano mini takwas ɗin. Ya ce gilasan da kika aiko masu kyau ne, amma babban gilashi ake ragewa, ƙarami ba ya ƙaruwa. Ya kuma ce ba faɗi kaɗai ake dubawa ba, har da lanƙwasar gilashin da kaurin bakinsa, don ya shiga ramin da ke cikin firam ɗin tabaraun ya zauna. Ya ɗauko wasu manya guda biyu, ya ce irin masu tare zafin rana ne, ba baƙin launi kawai ba. Ya cire tsohon na dama wanda bai fashe ba, ya zana siffarsa, ya yi ta goga bakin sababbin a kan dutsen injinsa yana ɗiga ruwa yana gwadawa, har suka shige ɗaya bayan ɗaya da 'yar ƙara.

Da na sa sai ya zamo mini har ƙarshen hanci. Malam Hadi ya karɓa ya ajiye a kan tebur yana kallo. Ya ce mai tabaraun nan mutum ne mai faɗin fuska, kunnensa na hagu ya ɗan ɗara na dama tsayi, kuma yana tauna ƙarshen hannun tabaraun na dama. Tahira, ban gaya masa komai ba. Taunar na san ta, haka yake yi idan yana sauraron labarai a rediyo. Amma shekara talatin da huɗu muna tare, ban taɓa lura da kunnen nan ba, sai ga wanda bai taɓa ganinsa ba yana faɗa mini.

Ya ce sai an gasa hannuwan an lanƙwasa su daidai kaina, in ba haka ba haske zai riƙa shigowa ta sama, aikin ya zama na banza. Ya ce in sani, idan an lanƙwasa ba za su koma yadda suke ba. Na ce ya ɗan dakata. Bai tambaye ni dalili ba, ya turo mini benci, ya ce zai je sallar azahar. Na zauna da tabaraun a hannu, mutane suna ta wucewa, ina shafa wurin haƙoran. Na yi kukan da ban samu yi ba ranar da gida ya cika da masu gaisuwa. Da ya dawo na miƙa masa, na roƙe shi abu ɗaya, kada ya goge wurin taunar. Ya ce ba zai taɓa ba.

Yanzu ya zauna mini daram, ko na sunkuya ba ya motsi. A hanyar dawowa na ɗaga kai na kalli komai, buhunan Dawanau, gonaki, har rubutun jikin motoci ina karantawa. Sau biyu na juya zan yi wa mahaifinki magana, sai in ga baƙuwar fuska a gefena. Jiya da hantsi na taka har gonar mahaifinki, karo na farko tun rasuwarsa. Gyaɗar ta yi 'ya'ya sosai. Na tsinko kaɗan na dafa, na ci ni kaɗai a ƙofar ɗaki.

Gilasanki na adana su. Maganar in dawo wurinku da zama kuma, ki yi haƙuri, ba bana ba. Abin da nake roƙo shi ne kada ki sake wahalar aiko mini da komai. Idan yara sun samu hutu ki nemi izinin maigidanki ki zo, ko na kwana uku ne. Da kika zo rasuwa inuwarki kawai nake gani, da murya nake gane ki. Rabona da ganin fuskarki sosai shekara huɗu ke nan.

Ki gaishe mini da Malam Abdulkabir da kyau, da Aina'u da Najib, da uwar ɗakinki Hajiya Ramlat. Kawunki Tasi'u da iyalinsa suna gaishe ku. Allah Ya sada mu da alheri.

Mahaifiyarki,
Zulaihatu