Tayoyin Baya, da Ƙaryar da Kika Sa Na Yi

Ƙofar Wambai, Bauchi
Laraba, bakwai ga Agusta

Zuwa ga Hajiya Asma'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda mai rai ke iya yi wa wanda ya riga shi, ina roƙon Allah Ya yalwata makwancinki.

Shekara huɗu ke nan ina riƙe da ke a raina kan abu ɗaya. Kin ɗora mini alƙawari a lokacin da kika san ba zan iya ce miki a'a ba. Kina kwance da robar iska a hanci, kika kama hannuna kika ce in rantse, ni kuwa na rantse. Na cika shekara huɗu. Yau zan karya shi, kuma a shafin nan na sada zumunta da na san ɗanmu Auta yana karantawa, domin sau uku ina zaunar da shi in faɗa masa baki da baki, harshena yana ƙi.

Kin san ko wane ne mijinki. Gwamnati ta tura ni ƙasar waje na karanto injin mota, na dawo na yi shekara talatin da ɗaya ina koyarwa a kwalejin fasaha. Darasin da na fi so shi ne na abin da ke riƙe taya a kan kwalta. Nakan gaya wa ɗalibai cewa duk ƙarfin mota, abin da ke haɗa ta da ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu huɗu ba. Takardun suna nan a akwati, gara ta fara cin gefensu. Ban ga abin da suka tsare mini ba.

Duk Lahadi bayan la'asar Auta yakan ɓace da motata, tsohuwar nan mai ja da ƙafafun baya. Abin da ya sa abokansa ke sonta ke nan, ta fi daɗin juyawa. Can bayan Inkil suke taruwa, inda titi ya miƙe, su yi tsere, su ja birkin hannu mota ta yi ta kewaya kanta har hayaƙi ya rufe ta. Ke kike ba shi makulli daga cikin kwallarki. Da na yi magana kika ce, "Malam, gara mota da ƙwaya."

Ba zan ɗora miki duka ba. Ƙaurin roba nake ji a jikin motar duk Litinin, kuma ban taɓa ƙwace makullin ba. Akwai ma Lahadin da na hau keke na bi shi, na tsaya nesa bayan mai sayar da rake. Na ga ya juya ta sau uku a wuri ɗaya, jama'a suna ihu suna ɗaga wayoyi. Abin da na ji a ƙirjina ranar ba fushi ba ne. Cewa na yi a raina, ɗana ne. Ban taɓa gaya miki wannan ba.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne yadda suke yi da tayoyi. Ba sa ƙona masu kyau. Kafin wasa sai su biya wajen mai faci a cire na baya, a ɗaura musu sudaddu waɗanda zanensu ya goge sarai, don sun fi saurin zamewa kuma ba asara in sun fashe. In an tashi a mayar da masu kyau, mota ta koma gida kamar ba ta je ko'ina ba. Wata Lahadi ruwa ya sauko kafin magariba, mai faci ya rufe ya tafi. Auta ya dawo da ita haka, ya juya bayanta ga bango, da niyyar ya kai ta da safe kafin in tashi.

Ya manta Litinin ce sunan ɗan Rabi, yayarsa, a Dass.

Muna idar da sallar asuba kika fara azalzalata. Kin riga kin sa leshinki mai ruwan toka, kin jera kulolin waina a kujerar baya, kina cewa, "Malam, za a raɗa suna ba mu." Na buɗe gaba na duba mai, na duba ruwa, kamar yadda na saba. Ban zagaya baya ba. Shekara talatin da ɗaya ina cewa yara su zagaya mota kafin su tayar, ni ban zagaya ba.

Mun wuce Yelwa ana yayyafi. Ba gudu nake yi ba, ke shaida ce, har tsiya kike mini wai keke zai wuce mu. A kwanar nan ta bayan gada na ɗan taɓa birki, sai na ji bayan motar ya tafi abinsa. Kafin ta gama juyawa na riga na san mene ne. Bishiyar ta ɓangarenki take.

Da aka zaro ni, kafin in san hannuna ya karye, sai da na rarrafa na shafa tayar baya. Sumul, kamar bayan cokali.

Kwana biyu kika yi a asibiti. Da kika farfaɗo kika tambaye ni me ya faru, na gaya miki, don ban saba yi miki ƙarya ba. Kika ce, "Kada ka gaya wa Auta. Ba zai iya ɗauka ba." Ba ki ce komai a kan wanda zai ɗauka a madadinsa ba.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, Auta ya same ni a zaure. Ya durƙusa, ya ce, "Baba, motar ce?" Ya san abin da ya bari a jikinta, so yake wani ya faɗa. Na ce masa tirela ce ta matse mu, ko sabuwar taya ce daga kanti ba abin da za ta hana, taya ba ta kashe mutum, kwana ne ke ƙarewa. Na ga yadda kafaɗunsa suka sauka. Washegari na sa 'yan gwangwan suka kwashe motar kafin wani ya duba ta. Tayoyin biyu kaɗai na riƙe, na tura su ɗakin ajiya a ƙarƙashin tsofaffin tabarmi.

A gari kuwa aka ce tsoho ne idonsa ya yi rauni ya ƙi barin tuƙi. Yayyenki har yau da yatsu biyu suke ba ni hannu. Ban musa wa kowa ba.

Shekara biyu Auta bai taka Inkil ba, har na fara cewa kin fi ni gaskiya. Ya sami aiki, ya auri Fa'iza, ya sayi motarsa. Sun haifi 'ya aka sa mata sunanki, muna kiranta Ummi. Goshinki ne da ita sak. Sai bara na fara jin ƙaurin nan a rigarsa in ya zo gaishe ni.

Shekaranjiya Litinin Fa'iza ta biyo da safe ta gaishe ni, za ta kai Ummi rigakafi. Ita ke tuƙa motar Auta, yarinyar tana baya, ana yayyafi. Na rako su ƙofar gida, ban san lokacin da ƙafata ta kai ni bayan motar ba. Na sunkuya na shafa. Asma'u, tayar sumul take. Na zare makullin, na tare musu keke mai ƙafa uku, ita tana kallona kamar na taɓu.

Bayan la'asar Auta ya zo karɓar motar, yana dariya. Na nuna masa tayar na ce wannan kisa ce. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba Baba, ai kai da bakinka ka ce taya ba ta kashe mutum, kwana ne ke ƙarewa." Maganata ce, bai rage ko harafi ba. Ya ciro wani makullin daga aljihu ya ja motarsa. Lahadin nan mai zuwa akwai bikin abokinsa, an ce za a yi wasan da ba a taɓa yi ba.

Kin ga abin da tausayinmu ya haifa. Mun cire masa nauyin, sai muka cire har da tsoron.

Na san abin da abokansa za su rubuto a ƙarƙashin wasiƙar nan. Za su ce ransu ne, motocinsu ne, ƙwarewa ce, a gina musu fili su daina hawa titi. Wataƙila a gina, ban hana ba. Amma titin da suke rufewa na mai keke ne da mai tura baro da matar da ta fito daga gona. In an kama su, waya ɗaya ake bugawa su kwana a gida. In an take wani, manya su zo da manyan riguna a ce ƙaddara, a sa talaka ya ce ya yafe. Ni ma na yi imani da ƙaddara, kin sani. Sai dai ba ƙaddara ce ta kwance noti ta ɗaura sudaddiyar taya ba, hannu ne. Kuma ke ba ki taɓa zuwa kallonsu ba ko sau ɗaya. Waina kike kai wa jikanki.

Ban san abin da zai biyo baya ba. Mai yiwuwa ya karanta ya daina taka gidan nan. Mai yiwuwa Rabi ta daina amsa sallamarsa. Kuma mai yiwuwa ke ce mai gaskiya, ba zai iya ɗauka ba, wannan shi ne abin da ya hana ni cin abinci tun shekaranjiya. Amma na auna, Ma'u. Gara ya tsane ni yana raye, Ummi tana raye. Na fito da tayoyin daga ƙarƙashin tabarmi, na jingine su a zaure, daidai inda ya durƙusa ya tambaye ni. Ƙofa a buɗe take. In ya zo ba zan yi masa faɗa ba. Zan gaya masa rabin laifin nawa ne, ni da ban zagaya ba, sannan mu zauna mu ɗauka tare.

Ki yafe mini rantsuwar, zan yi kaffararta. Ni ma na yafe miki makullin, yau na yafe, ba kamar yadda na faɗa da baki ranar jana'iza ba. Har yanzu kwallar tana inda kika bar ta. Wani lokaci nakan buɗe don in ji ƙamshin turarenki, ya kusa ƙarewa.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ciwon kwana biyun nan ya zama kankarar zunubi. Allah Ya ba Auta ƙarfin karanta wannan har ƙarshe, Ya riƙe hannunsa ranar Lahadi. Allah Ya raya mai sunanki ta kai shekarun da ba ki kai ba. Amin.

Mijinki,
Malam Sabo,
wanda ya fita da ke ranar Litinin da safe, ya dawo shi kaɗai.